Yadda ake mayar da yawan atam zuwa nauyi a giram

Tambayar takan zo kamar haka a WAEC ko NECO ko JAMB: an ba ka atam 3.01 × 10²³ na ƙarfe, giram nawa ne nauyinsu? A gefe an rubuta Fe = 56 (Fe ita ce alamar ƙarfe), an kuma ba da lambar Avogadro, 6.02 × 10²³. Ɗalibai da yawa da zarar sun ga goman nan mai ɗauke da 23 a ka sai gabansu ya faɗi, su tsallake, alhali babu maki mai araha kamarsa a duk takardar kemistiri. Rabawa ɗaya ce da ninkawa ɗaya.

Ina koyar da 'yan aji biyu da aji uku na babbar sakandare a nan cikin birnin Kano, da yamma kuma ina yin lesin a zauren gidanmu. Yawancin waɗanda ke faɗuwa wannan tambaya sun haddace ƙa'idar tsaf. Abin da ke kayar da su shi ne ba su san girman amsar da ya kamata ta fito ba kafin su taɓa kalkuleta, don haka duk abin da ta nuna musu sai su kwafa. A kan wannan zan fi tsayawa.

Mol tukuna

Atam ba ya hawa sikeli shi kaɗai. Sikelin ɗakin gwaje-gwajen makaranta in ya yi ƙoƙari ya ga kashi ɗaya cikin ɗari na giram, kuma a ɗan ƙurar nan akwai atam da baki ba zai iya ƙirgawa ba. Shi ya sa masu kemistiri ke ƙirga su ƙunshi-ƙunshi, sunan ƙunshin kuma mol. Mol ɗaya na kowane irin abu guda 6.02 × 10²³ ne.

Tuna da mai ƙwai a kasuwar Rimi. Kiret ɗaya ƙwai talatin ne, na kaza ne ko na zabo. In ka ce kana son ƙwai casa'in, ko tunani ba zai yi ba zai miƙo maka kiret uku. Amma ɗora kiret na ƙwan gidan gona a sikeli, ka ɗora na zabo, ba za su zo ɗaya ba, don ƙwan zabo ƙanana ne. Haka mol yake. Adadin ba ya canzawa, nauyin kuwa ya danganta da abin da aka zuba a ciki. Mol ɗaya na kabon giram 12 ne, na alminiyom 27, na ƙarfe 56, na jan ƙarfe 63.5, na zinariya 197. Waɗannan su ne lambobin da ke cikin jadawalin sinadarai, su ne kuma ake ba ka a ƙarshen tambaya.

Girman lambar ya wuce yadda ake zato. Mutanen duniya sun haura biliyan 8 tun 2022. Da za a tara su kaf, yaro da babba, kowa ya riƙa ƙirga atam ɗaya duk daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai sun shafe sama da shekara miliyan biyu kafin su gama mol ɗaya. Duk da haka mol ɗaya na ruwa giram 18 ne kacal, cokalin cin abinci ɗaya da ɗan ɗori.

Wani zai ce me ya sa ba a zaɓi lamba mai daɗin faɗa ba. Dalilin yana nan. Tun 1961 masana suka amince a ɗauki atam na kabon-12, a raba nauyinsa gida 12, kashi ɗaya ya zama ma'aunin da ake auna sauran atam da shi. Wannan kashi ɗayan giram 1.66 × 10⁻²⁴ ne. In ka tambayi irinsa nawa za a tara su cika giram ɗaya, wato ka raba 1 da 1.66 × 10⁻²⁴, amsar da za ka samu ita ce 6.02 × 10²³. Ka ga ke nan an zaɓi lambar ne don 56 ɗin ƙarfe ta yi aiki biyu: ita ce nauyin atam ɗaya a ƙaramin ma'auni, ita ce kuma nauyin mol ɗaya a giram.

Aikin kansa

Daga yawan atam ba a tsallakawa giram kai tsaye, sai an yada zango a mol.

yawan mol = yawan atam ÷ (6.02 × 10²³)

nauyi a giram = yawan mol × nauyin mol ɗaya

Mu gwada da ƙarfen da muka fara da shi. Atam 3.01 × 10²³ a raba da 6.02 × 10²³. Goma mai 23 tana sama tana ƙasa, sun cinye juna, saura 3.01 a raba da 6.02, wato 0.5. Rabin mol ke nan. Rabin mol sau 56 ya ba da giram 28. An gama.

Akwai littattafan da ke haɗe layin biyu su zama ƙa'ida ɗaya, kuma ba laifi ba ne, amma ni ba na son ɗalibina ya fara da ita. Wanda ya haddace dunƙulalliyar ƙa'ida, ranar da ya ruɗe a ɗakin jarrabawa ba ya tuna wace lamba ce a sama wace ce a ƙasa. Ban da haka, a takardar da ake rubuta amsa da hannu ana ba da maki a kan aikin da ka nuna. Wanda ya rubuta "mol 0.5" a layinsa daban ya riga ya sa wani abu a aljihu ko da ninkawar ƙarshe ta kuɓuce masa. Kuma ka riƙa rubuta sunan abin da kowace lamba take nufi a gefenta: atam, mol, giram. Lamba tsirara ita ce mafarin ruɗewa.

Sai kuma inda fawar, wato ƙaramar lambar da ke kan goman, ba 23 ba ce. A ce atam 1.505 × 10²⁴ na alminiyom, irin wanda masu zubin tukunya ke narkarwa, Al = 27. Dabarar ita ce ka mayar da fawar ta koma 23 kafin komai. In ka rage fawa da ɗaya, sai ka matsar da ɗigo gida ɗaya zuwa dama, don kada lambar ta ragu: 1.505 × 10²⁴ daidai take da 15.05 × 10²³. Yanzu goma-goman sun cinye juna, saura 15.05 a raba da 6.02, wato mol 2.5. Sau 27, giram 67.5, kusan nauyin gwangwanin lemo biyar da aka shanye. In kuma fawar ƙasa da 23 take, sai ɗigon ya koma hagu: 4.5 × 10²² ta zama 0.45 × 10²³.

Masu tsara tambaya ba sa son wahalar da kansu, don haka lambobin da suke kawowa galibi dangin 6.02 ne. Ka saba da fuskokinsu. 3.01 rabi ce, 1.505 kwata ce, 9.03 ɗaya da rabi, 12.04 biyu, 18.06 uku, 24.08 huɗu, 30.1 biyar. Wanda ya san su, da ya ga 1.204 × 10²⁴ ya san mol biyu aka ɓoye a ciki. Wannan ya fi amfani a JAMB, inda ba a shiga da kalkuleta, sai 'yar ƙaramar da ke kan allon kwamfuta, ga lokaci yana gudu.

Kintata amsar kafin ka danna komai

Ga tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa da zarar ya karanta yawan atam ɗin: sun kai mol ɗaya ko ba su kai ba? In ba su kai 6.02 × 10²³ ba, dole amsar ta gaza nauyin mol ɗaya. In sun haura, dole ta haura. Daga nan sai ka ƙara matsawa: sun gaza da ninki nawa? Fawa 22 na nufin muna wajajen kashi ɗaya cikin goma, fawa 21 kashi ɗaya cikin ɗari, fawa 24 kuma ninki biyu zuwa goma sha wani abu.

Ɗauki atam 4.5 × 10²² na jan ƙarfe, irin wayar da masu gyaran fanka ke naɗa koyil da ita, Cu = 63.5. Mol ɗaya giram 63.5 ne. Kashi ɗaya cikin goma na mol atam 6.02 × 10²² ne, nauyinsa giram 6.35. Namu 4.5 ne, bai kai 6.02 ba, kusan kashi uku cikin huɗunsa ne. To amsar tana tsakanin giram 4 da 5. Ban taɓa kalkuleta ba, amma na riga na san unguwar da amsar take. Yanzu a yi lissafin: 0.45 a raba da 6.02 ya ba da mol 0.07475, sau 63.5 ya ba da giram 4.75.

Wannan tambayar na taɓa ba 'yan lesin wata yamma cikin hunturu. Wata yarinya 'yar aji uku, mai ƙoƙari ce kuwa, ita ta fara ɗaga hannu. Kalkuletarta tsohuwar Casio ce da ta gada wurin yayanta, an ɗaure murfin batirin da roba, lambobin wasu maɓallan sun goge.

"Malam, na gama."

Na karɓa na duba. Allon ya nuna 4.75 × 10⁴⁶.

"'Yar nan, wannan giram ne?"

"Giram ne, Malam. Haka ta ba ni."

Ban ce mata komai ba, na je allo na rubuta nauyin duniya, kimanin giram 6 × 10²⁷. A ƙarƙashinsa na rubuta na rana, kimanin giram 2 × 10³³. Na ce ta kwatanta da nata. Ta dubi allo, ta dubi kalkuletar, ta ja bakin hijabinta ta rufe baki.

"Malam, wai wayar ta fi rana nauyi ke nan?"

Sauran suka fashe da dariya, amma da na zagaya, kusan rabinsu abin da ke kan allonsu ke nan.

Ga abin da ya faru. Ta danna 4.5 × 10 fawa 22 ÷ 6.02 × 10 fawa 23, a jere, ba baka. Ita kalkuleta daga hagu take bi zuwa dama. Ta raba da 6.02 kaɗai, da ta iso kan "× 10²³" sai ta ninka, maimakon ta raba. Fawa 22 da fawa 23 suka haɗu suka zama 45, da ta ninka da 63.5 kuma ta kai 46. Lambobin gaba, 4.75, daidai suka fito, shi ya sa kuskuren ke da wuyar ganewa ga wanda bai kintata ba.

Maganinsa biyu ne. Ka sa lambar Avogadro gaba ɗayanta cikin baka biyu duk lokacin da za ka raba da ita. Sannan ka koyi amfani da maɓallin da aka yi don wannan aiki, wanda a wasu kalkuletoci aka rubuta EXP, a wasu kuma ×10ˣ. Ana danna 6.02, sai maɓallin, sai 23. Shi ke nan. Kada ka danna "× 10" kafin EXP, don shi maɓallin ya riga ya ƙunshi "sau goma". Wanda ya danna 6.02 × 10 EXP 23 ya shigar da 6.02 × 10²⁴ ne bai sani ba, amsarsa za ta kauce da ninki goma. Wannan ya fi na farko haɗari, don amsar ba ta yin girman da za ta ba ka dariya, sai ta fito 0.475, ta yi kama da gaskiya. Ko da maɓallin kake aiki, ni dai ina cewa a sa bakan, don kalkuletocin da ke kasuwa ba halinsu ɗaya ba, balle jabun da suka cika shagunan littattafai.

Wani abin kuma, kada ka yanke lamba a tsakiyar aiki. Wanda ya ga 0.07475 ya ce bari ya taƙaita ta zama 0.07, in ya ninka da 63.5 zai samu 4.45, ba 4.75 ba. Bar lambar a kan allo, danna maɓallin Ans ka ninka, sai a ƙarshe ka taƙaita zuwa lambobi uku, tunda 6.02 ma uku ce.

In jadawalin sinadarai aka ba ka maimakon a rubuta maka nauyin, ka lura kowane gida lamba biyu ne a ciki. Ƙaramar, wadda ba ta da ɗigo, ita ce lambar atam, wato yawan ƙwayoyin furoton da ke cikin atam ɗin. Ta ƙarfe 26 ce, ta alminiyom 13. Ba ita ake so ba. Babbar ake so, 55.85 da 26.98, waɗanda a jarrabawa ake taƙaita su 56 da 27.

Inda masu tambaya ke haƙa rami

Oksijin da muke shaƙa ba ya yawo atam ɗaiɗai, bibbiyu yake tafiya, shi ya sa ake rubuta shi O₂. Haka haidurojin da naitirojin da kulorin. Atam biyun nan a haɗe su ne molekul ɗaya. To in tambaya ta ce atam 6.02 × 10²³ na oksijin, amsar giram 16 ce. In ta ce molekul 6.02 × 10²³ na oksijin, giram 32 ce. Adadi ɗaya, amma abin da ake ƙirgawa daban. A tambayoyin zaɓi za ka tarar an jera 16 da 32 duka, ana jiran wanda bai karanta da kyau ba. Na kan ce wa ɗalibai su ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta biyo bayan lambar kafin su yi komai. Nauyin da za ka ninka da shi dole ya zama na abin da aka ƙirga: an ƙirga atam, nauyin atam, an ƙirga molekul, nauyin molekul.

Sai babban ramin, inda ake ba ka yawan atam na sinadari ɗaya amma a tambaye ka nauyin haɗin da yake ciki. Misali, giram nawa na ruwa ne ke ɗauke da atam 1.204 × 10²⁴ na haidurojin? A nan zangon ya zama uku. Na farko dai kamar kullum: 12.04 a raba da 6.02, mol 2. Amma mol 2 na me? Na atam ɗin haidurojin, ba na ruwa ba. A nan rubuta suna a gefen lamba ke ceton mutum. Dubi H₂O. Ƙaramar lambar da ke ƙasan H tana cewa kowane molekul na ruwa yana cin haidurojin biyu. Don haka mol 2 na haidurojin mol 1 na ruwa kawai za su yi. Mol ɗaya na ruwa kuwa 1 da 1 da 16 ne, giram 18. Wanda ya tsallake zangon tsakiya zai rubuta 36.

Mu ɗauki wanda ya fi wannan nauyi, sukarin da ake saye buhu-buhu a kasuwar Singa. Tsarinsa C₁₂H₂₂O₁₁. Giram nawa na sukari ne ke ɗauke da atam 1.806 × 10²⁴ na kabon? Fara da nauyin mol ɗaya na sukarin, ka yi shi a gefe a tsanake: kabon 12 sau 12, 144, haidurojin 22 sau 1, 22, oksijin 11 sau 16, 176. Jimilla 342. Yanzu atam ɗin: 18.06 a raba da 6.02, mol 3 na kabon. Kowane molekul na sukari yana buƙatar kabon 12, to mol 3 a raba da 12, mol 0.25 na sukari. Kwatan 342 giram 85.5 ne.

Yadda za ka gane rabawa za ka yi ko ninkawa a zangon tsakiya ba sai ka haddace ba. Molekul ba za su taɓa fin atam ɗin da ke cikinsu yawa ba. In daga atam kake tafiya zuwa molekul, lambar raguwa za ta yi, ko ta tsaya yadda take, amma ba za ta ƙaru ba.

Wani lokacin kuma cewa ake "jimillar atam", ba a ware na wani sinadari ba. Sai ka ƙirga duk atam ɗin da ke cikin tsarin. Dutsen da ake yin siminti da shi, CaCO₃, atam biyar ne: kalsiyam ɗaya, kabon ɗaya, oksijin uku. In an ce jimillar atam 3.01 × 10²⁴, mol 5 ke nan na atam, a raba da biyar, mol ɗaya na dutsen, giram 100. In tsarin yana da baka, kamar takin yuriya, CO(NH₂)₂, lambar da ke bayan bakan tana ninka duk abin da ke ciki: naitirojin biyu, haidurojin huɗu.

Atam guda ɗaya tak

Akan tambayi nauyin atam ɗaya, kuma hanyar ba ta canza ba. Atam 1 a raba da lambar Avogadro, a ninka da nauyin mol. Na zinariya: 197 a raba da 6.02 × 10²³. 197 a raba da 6.02 ya ba da 32.7, goman da ke ƙasa in ta hau sama fawarta ta koma −23, sai a gyara rubutun ya zama giram 3.27 × 10⁻²². Alamar ragewar nan da ke jikin fawa ita ce rabin amsar. Wanda ya manta da ita ya ce atam ɗaya ya fi duk gwal ɗin duniya nauyi.

Tunda zancen gwal ya shigo, 'yan mata kan tambaye ni atam nawa ne a ɗan kunnensu. Sai an san karat tukuna, don gwal ɗin ado gauraye yake da wasu ƙarafa kamar azurfa da jan ƙarfe. Tsantsa shi ne karat 24. Mai karat 21 kashi 21 cikin 24 ne zinariya, wato kashi 87.5 cikin ɗari, mai karat 18 kuma kashi 75. Ɗan kunne mai giram 5 a sikelin mai gwal, in karat 21 ne, zinariyar cikinsa giram 4.375 ce. A raba da 197, mol 0.0222. A ninka da 6.02 × 10²³, atam 1.34 × 10²². Ka ga a nan hanyar muka biyo ta baya: daga giram aka raba, daga mol aka ninka.

Akwai ɗan abin lura game da atam ɗaya. Kulorin ana rubuta shi 35.5, amma babu atam na kulorin ko ɗaya mai wannan nauyi. Iri biyu ne a gauraye, mai 35 da mai 37, kusan uku cikin kowane huɗu masu 35 ne, matsakaicinsu ya ba da 35.5. In ka raba 35.5 da lambar Avogadro, matsakaicin nauyi ka samu. A lissafin atam masu tarin yawa wannan ba ya kawo matsala, don duk ɗibar da ka yi gaurayen ka ɗebo.

Akwai kuma gajeriyar hanya da nake amfani da ita wajen duba aiki. Tunda ƙaramin ma'aunin nan giram 1.66 × 10⁻²⁴ ne, kana iya ninka yawan atam da nauyin atam ɗin, ka sake ninkawa da 1.66 × 10⁻²⁴, babu rabawa ko ɗaya. Na jan ƙarfen ɗazu: 4.5 × 10²² sau 63.5 sau 1.66 × 10⁻²⁴ ya ba da 4.74. Ɗan bambancin da ke tsakaninsa da 4.75 daga taƙaita 1.66 ya zo, in ka sa 1.661 za su haɗu. A takardar jarrabawa dai ka bi ta mol, ita mai duba takarda yake nema.

Shi kansa Amedeo Avogadro, mutumin Turin ta ƙasar Italiya, bai taɓa ganin lambar da ke ɗauke da sunansa ba. Karatun shari'a ya fara yi kafin ya koma kimiyya. Abin da ya faɗa a 1811 shi ne, iskar gas iri daban-daban, in mazubinsu ɗaya ne, zafi ɗaya, matsi ɗaya, to yawan molekul ɗinsu ma ɗaya ne. Ya rasu a 1856. Josef Loschmidt ne a Austiriya ya fara kintata girman molekul a 1865, sannan Jean Perrin na Faransa ya auna lambar, ya kuma ba da shawara a 1909 a sa mata sunan Avogadro. Perrin ya samu kyautar Nobel a 1926. Tun ranar 20 ga Mayun 2019 aka tsayar da lambar cak a 6.02214076 × 10²³, ita ce ma yanzu ma'anar mol. Tsofaffin littattafan da ke hannun ɗalibanmu suna cewa mol shi ne yawan atam da ke cikin giram 12 na kabon-12. Lissafinka ba zai canza ba ko da wanne ka yi aiki, kuma a jarrabawa ka yi amfani da lambar da aka rubuta maka a takarda, 6.02 ce ko 6.022.

Komawa baya, daga giram zuwa atam, ba ya buƙatar dogon bayani bayan misalin ɗan kunne. Ledar fiya wata mai rabin lita giram 500 ce ta ruwa. A raba da 18, mol 27.8. Molekul 1.67 × 10²⁵ ke nan, atam kuma ninki uku, 5.02 × 10²⁵. Buhun yuriya mai kilo 50 da manoman shinkafa na Kura ke saye kuwa sai ka fara mayar da kilo zuwa giram, 50,000, don nauyin mol a giram yake. Mol ɗaya na yuriya giram 60 ne, 28 daga ciki naitirojin ne, wato kusan kashi 46 cikin ɗari da ake bugawa a jikin buhun. Buhu ɗaya mol 833 ne, atam ɗin naitirojin da ke ciki kimanin 1.0 × 10²⁷.

Ga huɗu ka gwada, kuma a kowace ka rubuta kintacenka a gefen takarda kafin ka fara. Nauyin atam 2.408 × 10²⁴ na farar wuta, S = 32. Nauyin atam 6.02 × 10²¹ na azurfa, Ag = 108. Giram nawa na yuriya ke ɗauke da atam 3.01 × 10²⁴ na naitirojin. Sai nauyin iskar kulorin mai ɗauke da atam 1.806 × 10²³, Cl = 35.5.

Ta farko giram 128 ce, ta biyu 1.08, ta uku 150, ta huɗu 10.65. Wanda ya samu 300 a ta uku bai raba mol 5 ɗin da biyu ba. Wanda ya samu 21.3 a ta huɗu da 71 ya ninka, nauyin molekul ke nan, tambayar kuwa atam ta ce.